Bakin Zanena da Idon Laminu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba mu ido biyu bai karɓi ko dala ba. Ni ce Hurera, wadda ake ce wa Iya a wani ƙauye gabas da Cadawa. Ban yi lakol ba, wato boko, karatun manya na yi da furfurata a gindin dogon yaro, don haka wanda ya ga maganata ta karkace ya yi haƙuri ya bi ta a haka. Na rubuta wannan saboda uwaye da kakanni masu hannu irin nawa. Gemun maƙwabcinku ya kama da wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Laminu jikana ne, ɗan fari wurin ɗana Idi da matarsa Rabi. Sunan marigayi mijina aka sa mashi, bakina bai taɓa kama sunan ba. Maigida nake ce mashi, alƙalami ne kawai ba shi da kunya. Ranar da aka yaye shi aka kawo mani shi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari a wajenmu. Rabi ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa shi gaban mutane, in maganarsa ta kama sai ta ce "yaron Iya". Shi ma Yaya yake ce mata. Ɗaki ɗaya muke kwana da shi, ƙwarya ɗaya muke shan fura.

Ina da wata sana'a da na gada wurin uwata, ba a biyan ta sai da godiya. In haki ya faɗa idon yaro, ko ido ya dame shi da ƙaiƙayi, ni ake kawo wa. Sai in ninke bakin zanena riɓi huɗu, in kai baki in yi ta hurawa har ya yi ɗumi, in ɗora kan idon a rufe, in danna da babban yatsa ina murzawa a kewaye. Yaro ya zo yana tsala ihu, ya tafi yana dariya. Wallahi ina alfahari da abin nan, har cewa nake babu hannun da ya kai nawa daga nan har Gazawa.

Mu mutanen aya ne. Wanda bai san haƙar aya ba ya ji: in ganyenta ya bushe sai a sa wa gonar wuta, a bi da garmar shanu a tone, a tara ƙasar, a buge ta da sanduna, a rairaye a rariya, sannan a sheƙe. Toka da ƙasa duk a fuska suke ƙarewa. Mutum zai dawo gida fari fat, ba ka gane shi sai ya yi magana. Tun Laminu yana shekara shida idonsa ba ya shiri da lokacin nan. Ya yi ja, ya yi ta zubar da kwantsa mai yauƙi, yana susa kamar zai ƙwaƙule shi. Sai in ce, "Zo nan, Maigida, amaryarka ta gyara maka." Ya ɗora kai a cinyata, in hura, in danna. Safe da marece, wani lokaci har sau biyar a yini, shekara tara muna haka. In ba na kusa, da gaɓar yatsa yake yi wa kansa, ni na nuna mashi yadda ake yi don kada farce ya ji mashi ciwo.

Yana shekara goma sha huɗu ya fara ƙanƙance ido in zai dubi abu mai nisa. Mushensu, wato malaminsu na lakol, ya dawo da shi bencin gaba, ya aiko a gaya wa Idi a kai shi a gwada mashi tabarau. Aka kai shi Maradi aka yanko. Wata huɗu ya ce tabarau ya daina aiki. Idi ya yi faɗa, ya ce yaro ne ke son sabo don gayu. Aka sake wani, shi ma bai kai shekara ba. Ya ce mani in ya dubi fitila sai ya ga ta yi jela, jinjirin watan salla kuwa uku ya gani. Wata rana ya durƙusa ya gaida turmi da aka yafa wa zane, ya zaci gwaggonsa ce. Gidan duka muka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ce ma gaba, ina cewa miji ya tsufa ya bar ni da ƙuruciya. Tir da dariyar nan.

Ƙarshen damina, ana shirin sa wa gonakin aya wuta, ya tashi da safe ya kasa buɗe idon dama. Hawaye kawai ke zuba. Da na buɗa mashi da yatsa sai na ga baƙin idon ya yi fari kamar an ɗiga nono. Na ce innalillahi.

A asibitin Maradi mun kama layi tun hantsi, ba mu ga lokotoro, wato likita, ba sai bayan azahar. Ya haska, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Iya, wannan ya wuce tabarau. Na dama ya riga ya fashe ta ciki, za mu ba shi magani ya lafa. Na hagu nake ji wa tsoro. Injin da zai auna shi ba mu da shi a nan, sai Yamai." Ni da ban taɓa wuce Maradi ba. Idi ba zai iya barin gona ba, Rabi kuwa wa zai ma kawo sunanta a rakiyar ɗan fari? Na ɗaure ƙullina, muka shiga mota da ni da shi, yini guda cur muna tafiya.

Asibitin ido ne mai zaman kansa, ba zan kama suna ba. Lokotoron mace ce, 'yar Damagaram, ba ta kai Rabi shekaru ba, amma bakinta ba ya kewaye-kewaye. Ta sa Laminu ya ɗora haɓa a wani inji, takarda ta fito da zane kala-kala, tsakiyarsa ja wur. Ta ce sunan ciwon keratokon. Na sa ta maimaita sau uku har ya zauna mani. Ta ce gaban ido akwai wata fata mai haske kamar gilashi, ga mai lafiya tana nan kamar ƙoƙo a kife. Ta Laminu ta yi laushi, tana sirancewa, tana tsini kamar kan rumbu. Shi ya sa kowane tabarau yake gazawa, don idon bai tsaya wuri ɗaya ba.

Tana cikin magana sai Laminu ya ɗaga gaɓar yatsa zai kai ido. Kafin ya kai ta kaɗe hannun.

"Kul! Wa ya koya maka wannan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na koya wa kaina, madan."

Na ce, "Lokotoro, in da zane ne fa? Mai laushi, mai ɗumi, a hankali?"

Ta ce, "Ko da auduga ne, Iya. Dannawar ce ke ɓarna." Sai ta tsaya ta dube ni, na san ta gane. Ta sassauta murya ta ce, "Ciwon yana jikinsa tun asali, hannu bai halicce shi ba. Amma hannu yana tura shi gaba, kuma da sauri."

Garin neman gira an rasa ido, ashe da ni ake karin maganar nan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce akwai aikin da ake yi, kros-linkin sunansa. Za a kankare saman fatar kaɗan, a yi ta ɗiga wani magani ruwan ɗorawa har ta sha, sannan a haska mata wata fitila, sai ta yi tauri kamar yadda majemi yake jeme fata da bagaruwa. Ta ce in saurara da kyau: aikin ba ya dawo da abin da ya tafi, tsayar da ciwon kawai yake yi inda ya same shi. Na dama ya wuce wurin, tabo zai bari, sai dai dashen wata fatar, abin da ba namu ba ne yanzu. Na hagu yana da sauran dama. Kaurin fatarsa a injin ɗari huɗu da talatin da biyar ne. In ya sauka ƙasa da ɗari huɗu, ita ba ta taɓa shi.

Na ce, "To a yi yau mana, me ake jira?"

Ta ce ba a yin aikin a kan ido mai ja da ƙaiƙayi, ba zai warke da kyau ba. Sai an kashe ƙaiƙayin tukuna. Ta rubuta maganin ɗigawa iri biyu, ta ce mu dawo bayan sati shida. Kada ƙura ta taɓa shi, kada hannu ya taɓa shi, nasa ko na wani. In ƙaiƙayi ya taso, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a shimfiɗa a kai, shimfiɗawa kawai. Da ta faɗi kuɗin aikin na lissafa a raina, na ga kusan duk ayar da ke cikin ƙasa ce a gonarmu.

To ku duba inda aka sa mu. Ba a aiki sai ƙaiƙayi ya mutu. Ƙaiƙayi ba ya mutuwa cikin ƙurar aya. Kuɗin aiki kuma yana cikin ayar, sai an tone ta an sheƙe. Ba mu da kowa a Yamai da za mu zauna wurinsa. Gaba kura, baya sayaki. Muka juyo gida, muka iske hayaƙin gonaki ya rufe gari.

Da na yi wa Idi bayani sai ya ce, "Iya, wane irin aiki ne wannan, a karɓi noman shekara a ce ba zai ƙara gani ba?" Na ce, "Irin wanda in ba a yi ba, kai za ka riƙe mashi sanda." Maganar zane kuwa ban faɗa ba, na haɗiye ta, Laminu ma bai tona ni ba.

Ƙanwata Tabawa ta zo dubiya daga Cadakori da ƙullin tozalin Makka da zuma. Ta ce, "Mu da munka tashi, wa ya san wata Yamai? A sa mai wanga kwana ukku, ki gani." Wata ta ce nonon mai jego, wani ya ce a kai shi wurin wanzami a tsaga gefen ido. Na ce duk na gode, ba abin da zai shiga idon nan sai na kwalba. Tabawa ta taɓe baki ta ce, "Ke da ke gyaran idon gari duka, naki ya gagare ki?" Na ce ta sha furarta ta kama hanya tun rana ba ta yi ba. Ta yi fushi, ni ma ban ba ta haƙuri ba.

Sati na farko na mai da ɗakina kurkuku. Na toshe taga da tsumma, na rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa, ina yayyafa wa daɓe ruwa sau uku a yini. Na hana rairayar aya a cikin gida, Rabi ta kwashe rariyarta ta koma bayan gari. Maƙwabciyarmu kuwa ta kafa sheƙa daidai jikin dangarmu, iska tana kwaso mana. Na leƙa na ce, "Haba Ladi, ba ki da wani wuri duk faɗin duniyar nan?" Ta ce gidanta ne. Na ce gidanta ne, amma ƙurar ba ta san haka ba. Muka yi ta sa-in-sa har maza suka shiga tsakani. Ladin da na danna wa 'ya'yanta biyar ido.

Sati na biyu Laminu ya fara ƙosawa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, sa'o'insa suna gona suna karɓar ladan haƙa, suna wucewa a amalanke suna kiran sunansa, shi yana zaune a duhu da tsohuwa. Littafinsa sai ya manna shi a hanci yake karantawa, ba ya jimawa kai ya ɗauki ciwo. Ya ce, "Iya, ko ɓarawo ana fito da shi shan iska." Na ce, "Ɓarawo da idonsa biyu ya shiga." Ba ya fita sai kewayawa, shi ma da baƙin tabarau da rawani.

Wahalar ba ta farke ba ce, ta barci ce. In ya kishingiɗa da rana, hannun da kansa yake tafiya ido, shi bai sani ba. Na sa mashi safa a hannu, ya murza da safar. A sati na uku shi da bakinsa ya ce, "Iya, ki ɗaure ni." Na ɗauko ɗankwalina biyu, na ɗaure wuyan hannuwansa a ƙafar gado, da ɗan saki yadda zai iya juyawa. Na buɗe baki zan tsokane shi, in ce yau amarya ta ɗaure miji, sai na fasa. Na koma bakin ƙofa na zauna ina gadi.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne rashin sanin lambar. Ɗari huɗu da talatin da biyar na baro a Yamai. Yau nawa ne? Babu mai gaya mani. In ya yi atishawa gabana ya faɗi. In ya wanke fuska don alwala ina tsaye a kansa ina cewa a hankali. Kowace safiya sai in tsaya bakin ƙofa in ɗaga yatsu in ce nawa ne, shi kuma ya duba, wani lokaci ya faɗi daidai, wani lokaci na san cinta ya yi don ya kwantar mani da hankali.

Sati na biyar jan ya ragu sosai, muka fara murna. Idi ya kai buhunan farko kasuwar Cadawa. Lokacin kowa ya kawo tasa, 'yan kasuwa suna taya ta kamar suna yi maka alfarma. Mai hankali ajiye aya yake yi sai bazara ta yi daraja, mu ba mu da wannan sararin. Ya sayar, ya dawo bai ci tuwo ba.

Saura kwana uku mu tafi sai aka kira wayar Idi daga asibitin. Wai maganin nan ruwan ɗorawa ya ƙare, daga waje ake kawo shi, kayan sun maƙale a hanya. Mu dakata sai an neme mu. Na karɓe wayar na ce, "Sai yaushe?" Aka ce ba a sani ba. Na ce, "To idon ma ku gaya mashi ya dakata!" Idi ya fizge wayar yana ba su haƙuri. A nan ina da ƙorafi, kuma ba zan janye shi ba: wanda ya san yana da ranar mutane a hannunsa, ya tanadi kayansa.

Sati na bakwai maganin ɗigawarmu ya ƙare. Ba a samun irinsa kusa, sai da Idi ya hau babur har Maradi, ya zaga farmasi uku, ya samo iri ɗaya, ɗayan aka ce sai wani sati. Cikin kwanakin nan aka sa wa gonar bayan gidanmu wuta, hayaƙi ya shigo ta ko'ina, buhu bai tare komai ba. Ƙaiƙayin ya dawo sabo fil, har ya fi na da.

Ranar da ba zan manta ba Talata ce, bayan azahar, a sati na takwas. Yana kwance hannuwa a ɗaure, yana ta murza fuska a matashi, na janye matashin. Na shimfiɗa tsumman ruwan randa, ya girgiza kai ya yar. Sai ya fashe da kuka, ƙaton saurayi, irin kukan da ya yi ranar yaye.

"Iya, sau ɗaya. Don Allah, don Annabi, sau ɗaya tak. Ke kaɗai kika iya. Ba wanda zai sani."

Na ce a'a. Ya ce, "Ashe ba ki sona." Jama'a, shekara tara ban taɓa barin yaron nan ya roƙe ni sau biyu ba. Ban san lokacin da na zauna bakin gado ba. Ban san lokacin da na ninke bakin zane ba. Na dai ji ɗumin numfashina a tafin hannu, raina yana ce mani sau ɗaya me zai rage, a hankali zan yi, ba zan ma danna ba. Ya ɗago kai ya rufe ido yana jira.

Sai na ji an cafke mani wuyan hannu. Rabi ce. Ta dawo daga rairaya fari fat da ƙasa, ta ji kukan daga tsakar gida. Rabin da shekara goma sha bakwai ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ba ta taɓa shiga ɗakina da takalmi ba. Ta riƙe ni gam.

"Iya, ki yi mani rai. Ido ɗaya ya rage wa ɗana."

Ɗana. Ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba, shi ma bai taɓa ji ba, har kukan ya tsaya mashi. Na ce, "Kin sani?" Ta ce tun ranar da muka dawo ta gane, da ta ga na kori wata mata da ta kawo mani jaririnta. Ta saki hannuna, ta durƙusa ta ce in yafe mata rashin kunya. Na ce, "Tashi, 'yar nan. Je ki wanke ƙasar jikinki ki dawo, ke za ki zauna a nan." Na fita na zauna gindin rumbu na yi kukan da ban yi ba tun Yamai.

Da Idi ya dawo na gaya mashi komai, ban rage ba. Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Ni ma kin yi mani, Iya, ga idanuna garau." Na ce, "Kai ba ka da ciwon. Shi yana da shi, ni kuma na tura." Ya ce Allah ya riga ya rubuta. Na ce haka ne, amma da hannuna aka rubuta.

Daga ranar Rabi ta bar rairaya, ƙannen Idi suka karɓi rariyarta. Ita ke ɗiga magani, ita ke shimfiɗa tsumma. In ƙaiƙayi ya taso sai ta riƙe hannuwansa biyu cikin nata har ya lafa, ba a sake ɗaure shi ba. Mata suka yi ta gulma a bakin rijiya, wai Rabi ta zubar da kunya, tana zaune da ɗan fari kamar auta. Na fita na ce duk mai magana ta zo ta same ni, ni na sa ta.

A sati na goma sha ɗaya aka kira, maganin ya iso. Kowa ya ɗauka ni zan raka shi. Na ce Rabi za ta. Lokotoro ta riga ta gaya mani kwana uku na bayan aiki akwai zafi mai tsanani, ni kuma na ga iyakar hannuna ranar Talatar nan. Laminu ya ce, "Amarya za ta bar miji ya yi tafiya shi kaɗai?" Na ce, "Tafi da uwarka, ni na yi yaji." Na raka su bakin kwalta, na dawo ɗakin da na kulle shi ciki sati goma sha ɗaya. Na kasa cire buhun ƙofa, na zauna a duhun kamar ni aka hana fita.

Kashegari da hantsi Rabi ta kira. Ɗari huɗu da goma sha takwas. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Na faɗi na yi sujada a tsakar gida, kaji suna watsewa. Da an ƙara mana wasu watanni, ko da na danna ranar nan na ci gaba da dannawa, Allah kaɗai ya san inda lambar za ta tsaya.

Aikin kansa, in ji Laminu, bai ji zafi ba. An ɗiga abin da ya kashe jin zafi a idon, aka sa wani ƙarfe ya riƙe fatar ido a buɗe, aka yi ta ɗiga ruwan ɗorawa har duniya ta koma rawaya, sannan aka ce ya kalli wata 'yar fitila kada ya motsa. Bai kai tsawon daka da tankaɗe ba aka gama, aka manna mashi wani siririn abu kamar ɓawon albasa don ya kare wurin. Da maganin kashewar ya sake shi ne ya yaba wa aya zaƙinta. Rabi ta kira ni, ina jin shi yana cewa an zuba mashi barkono da yashi, yana kiran Iya. Ina nan tafiyar yini guda daga gare shi, amma sai na tsinci kaina na zauna a kan hannuwana biyu. Kwana uku Rabi tana riƙe da shi a ɗakin haya, labule a sake. A na huɗu zafin ya sauka, a na shida aka cire abin da aka manna.

Sun dawo yana gani dishi-dishi, ƙasa da yadda ya tafi. Lokotoro ta ce haka yake yi, zai washe a hankali, amma wa zai gaya wa dangi? Tabawa ta aiko da saƙo wai an ci kuɗinmu an ƙara mana da makanta. Idi kuwa in ya wuce rumbun da babu aya sai ya kau da kai. Sai da aka yi wata biyu hazon ya janye. Bayan wata shida suka koma aka auna, aka ce tsinin bai ƙaru ba. Aka sake aunawa da shekara ta zagayo, yana nan inda aka tsayar da shi. Aka yanka mashi tabarau, wannan karon ya zauna. Ya koma lakol, ya maimaita aji, yana bencin gaba. Gonar aya kuwa an yi mashi iyaka da ita har abada.

Ina gode wa Allah. Ina gode wa lokotoron nan da ta kaɗe hannun jikana ba ta ji nauyin furfurata ba, da mushen da ya fara lura, da Rabi. Ina kuma cewa bai kamata a ce duk ƙasar Maradi sai an yi tafiyar yini kafin a auna idon yaro ba. Ku kuma iyaye, in yaro yana yawan susar ido, in tabarau yana mutuwa mashi wata-wata, in ya ce fitila tana jela, kada ku yi dariya kamar yadda na yi. Ku kai shi wurin masu ido tun biyun suna nan. Har yau mata suna kawo mani yara, in ce su jiƙa tsumma da ruwan randa su shimfiɗa, su nufi likita. Wasu su tafi suna cewa Iya ta yi rowar hannu.

Idon dama yana nan da farin tabonsa. Kowace safiya in ya durƙusa gaishe ni, shi nake fara gani. Tun daga Talatar nan ban sake kai hannu fuskarsa ba, ko ƙuda na gani sai dai in ce ya kore. Rannan da la'asar ya dawo daga lakol, ina tsinkar zogale, sai ya kwanta ya ɗora kai a cinyata kamar da. Na ɗaga hannuwana sama, na rasa inda zan sa su.

Ya ce, "Wai yajin nan ba ya ƙarewa ne, amarya?"

Na ce, "Tashi, Maigida, ka san hannun nan ba shi da amana."

Ya cire tabarau ya ajiye, ya kamo hannuna na dama, ya ɗora shi a goshinsa, sama da gira.

"Nan madan ba ta hana ba."

Na bar shi a nan har aka kira magariba, ko yatsa ban motsa ba.